Ranar da Muka Jira Hantsi

Ina tsaye a bakin ƙofar gidajen da nake gadi a Mu'aither, wata unguwa a gefen Doha, bayan la'asar, saƙon murya ya shigo wayata. Lambar gida ce, amma ban san ta ba. Wani dattijo ne ya yi sallama, ya ce shi ne wan abokina. Ya ce Allah ya yi wa ƙaninsa rasuwa da asuba, bayan zazzaɓin kwana huɗu, har an kai shi makwancinsa. Na yi istirja'i. Wata mota ta tsaya, na ɗaga mata ƙarfen ƙofa, na rubuta lambarta kamar kullum. Sai da ta wuce na ga abin da na rubuta ba ya karantuwa.

Abokin nawa hutu ya je gida. Direban bas ne a kamfaninmu, Bazazzagi, ni kuma Bakano, saboda haka tun ranar da aka haɗa mu ɗaki ɗaya wasa ya shiga tsakaninmu. Shi ya ce ni bawansa ne, ni na ce shi ne nawa.

Lokacin korona aka rufe mu a masauki, ba shiga ba fita. Akwai wani ɗan Nefal a ɗakin, ya manna hoto a jikin bango: gidan mahaifiyarsa, bayan gidan kuma wani dutse fari fat da ya tokare sama. Abokina yakan kwanta ya zuba wa hoton ido. Wata rana ya ce da ni, "Bakano, ka tuna karatun taimama?"

Na ce, "Yau kuma Bazazzagi ne zai yi mini jarrabawa?"

Ya ce, "Malaminmu ya ce in babu ruwa ana yi da ƙasa, da dutse, har da ƙanƙara. Muka yi ta dariya. Mu ƙanƙarar da muka sani ta cikin kular mai zoɓo ce. Na ce, Malam, wa zai yi taimama da ita, alhali in ya ɗan jira ta zama ruwa? Ya ce da ni, duniya ta fi Zariya faɗi."

Ya nuna hoton da haɓa. Ya ce kafin ya bar yawon neman abinci, sai ya tsaya a ƙololuwar irin wannan dutsen.

Na ɗauka zancen zaman kulle ne. Annoba ta wuce, gasar kofin duniya ta zo, shi yana jigilar 'yan kallo, ni ina tsaye da ƙaton hannun soso ina nuna wa jama'a hanyar jirgin ƙasa. Da aka watse aka ba mu hutu tare. Ashe ya daɗe da bincike. Ya ce akwai ƙasar da ake kira Jojiya, tafiyar 'yan awoyi ce a jirgi. Muka sayi rigunan sanyi a kasuwar Asian Town. Takalma kuwa, na aiki muka saka.

Bayan ƙaramar Salla muka isa, a lokacin da sanyinsu yake janyewa, ciyawa tana tsirowa a ƙasa, saman duwatsu kuma yana nan da farinsa. Muka sauka a wani ƙauye, gidan wani tsoho. Dutsen da ya nuna mana ba ya cikin manya, ana hawansa a yini ɗaya ba tare da igiya ba. Amma ya ɗauko agogon bango ya ɗora yatsa a kan ƙarfe biyar, ya maimaita har sau uku.

Da muka idar da sallar asuba abokina ya ɗaura takalmi. Ni kuwa na buɗe ƙofa, sanyi ya sare ni a fuska, na mayar na rufe.

Na ce, "A ina ka taɓa ganin mai hankali ya fita cikin wannan kafin hantsi?"

Ya ce, "Yalla, tashi mu tafi mana. Tsohon nan biyar ya ce."

Na ce, "Shi a ciki aka haife shi. Mu jinin rana ne. Bari gari ya ɗumama."

A gida haka ake yi, in sanyi ya yi tsanani sai a jira rana ta ɗaga. Ya dube ni, ya kwance takalminsa, muka sha shayi. Sai wajen tara muka fita. Tsohon yana tsaye a bakin shinge, ya bi mu da kallo.

Da farko hanya ta yi daɗi. Ruwa yana gudu ta ko'ina, ga wasu ƙananan furanni da suka huda ƙanƙara suka fito. Da muka kai inda farin ya soma, abokina ya tsuguna ya dumbuzo, ya murza, ya kai baki. Dusar ƙanƙara ake ce mata, kuma sunan ya dace, haka take kamar dusa. Daga nan duk wata ƙara ta ɗauke. Shekaru na yi a Doha kunnena bai rabu da gurnanin na'urar sanyaya ɗaki ba. A can kuwa har bugun zuciyata nake ji.

Muka soma gamuwa da mutane suna saukowa. Kowa sai ya dube mu, ya dubi agogonsa. Ba da jimawa ba ƙafata ta nutse zuwa idon sawu, can zuwa gwiwa, can har cinya. Kowane taku sai ka ciro ƙafa kamar mai tafiya a fadama. A nan na gane abin da tsohon yake nufi. Da dare ƙanƙara takan daskare ta ɗauki mutum, rana ce take sassauta ta. Hantsin da na ce mu jira shi ne ya ɓata mana hanya.

Azahar ta same mu a kafaɗar dutsen. Ruwan gorarmu bai fi kurɓi uku ba, ba mu da wuta, yatsunmu sun sandare. Abokina ya cire safar hannu. Ya yi bisimilla, ya ɗora tafukansa biyu a kan farin nan, ya shafi fuskarsa, ya sake ɗorawa ya shafi hannuwansa. Ni ma na yi. A gida gabas muke fuskanta, a Doha yamma, a nan waya ta nuna mana kudu. Muka fuskanci kudu, sai ga duwatsu jere bayan jere har inda ido ya gaza, gajimare kuma yana ƙarƙashinmu. Ban taɓa zaton zan leƙa gajimare daga sama ƙafata tana kan ƙasa ba. Shi ya ja sallar. Ya daɗe a sujada. Da ya sallame, goshinsa da gemunsa duk fari, ya ce, "Malam ya yi gaskiya."

Daga wurin ana hango ƙololuwa, da tarin duwatsun da masu hawa suke ajiyewa. Muna kallo wani ɓangaren ƙanƙara ya ɓalle daga dutsen da ke fuskantarmu, ya gangara da ƙara kamar tsawa. Ni kuwa na daina jin yatsun ƙafata, takalmin ya jiƙe sharkaf. Ya dubi sama, ya dubi ƙafafuna.

Ya ce, "Khalas, ya isa haka. Mu sauka."

Na ce, "Ka je ka dawo, ina nan."

Ya ce, "In bar bawana a kan dutse? Wa zai ɗaukar mini jaka?"

Muka sauko yana gaba, ina saka ƙafa a ramin sawunsa. Bai taɓa ambaton shayin nan ba, ko a hanya, ko bayan mun koma Doha, shi da ba ya barin kuskurena ya kwana. Ya dai ce baɗi za mu koma, kuma da ruwan sanyi zai tashe ni. Da baɗin ta zo, hutunmu bai zo ɗaya ba.

Daga inda muka yi salla zuwa tarin duwatsun nan bai fi tafiyar rabin awa ba a kan ƙanƙara mai tauri. Ba mu ƙarasa ba.