Ƙwallon da Ya Fi Ƙarfin Ƙofa

Mai Tsinke kowa ke ce masa, har jikokinsa sun tashi suna zaton sunansa ne na gaskiya. Malamin lissafi ne a makarantar sakandare. Ya sha ƙurar alli har ƙirji ya fara kuka, sannan ya ajiye aiki ya dawo gida da tari da kuma sha'awarsa guda: haɗa siffofi da tsinkaye da zare.

Akwai taron da ake yi duk shekara a babban zauren jami'a, inda masu lissafi da masu zane ke haɗuwa, kowa ya baje abin da ya ƙera. Tun yana da baƙin gashi Mai Tsinke bai taɓa fashi ba. Teburinsa na can ƙarshe, kusa da famfo. Mutane kan tsaya, su ce "ikon Allah", su wuce. Wannan ya ishe shi guzurin shekara.

A shekararsa ta ƙarshe hannu ya fara rawa. Ƙulli ɗaya sai ya ci masa rabin safiya. Ya san daga wannan babu wani, don haka ya ce zai yi babba. Ya sayo siraran sanduna, ya rufe kansa a ɗakin haya da suke ciki shi da matarsa, ya ɗaura wani ƙwallo da ya kai ƙirjin mutum. Abin mamakinsa shi ne babu sandar da ta taɓa 'yar'uwarta. Zare ne kawai ke riƙe da su, kowace tana tsaye a iska kamar an ce mata kada ki motsa.

Ranar tafiya amininsa kafinta ya zo da motar ɗaukar kaya. Suka ɗaga ƙwallon, suka nufi ƙofa, ƙofa ta ce ba ta san zance ba.

Kafinta ya sauke, ya dube shi. "Malamin lissafi guda! Ka auna sama, ka auna ƙasa, ƙofar ɗakinka ce ta gagare ka?"

"Rufe min baki, mai ƙusa. Juya shi ta gefe."

"Ƙwallo yana da gefe ne, Malam?"

Matarsa tana tsaye da tsintsiya. "Ai na faɗa masa tun yana rabi. Ya ce in bar masana su yi aikinsu."

Kafinta ya cire ƙyauren, ya ɓalle katakon gefe, duk da haka saura faɗin tafin hannu. Aka kira mai gidan. Ya zo ya leƙa, ya ce bangonsa ba zai sha guduma saboda wasan yara ba.

Saura hanya ɗaya: a yanke zare guda, ƙwallon ya saki jiki, a fitar da shi, a sake ɗaurewa a can. Mai Tsinke ya zauna bakin gado ya daɗe yana kallon yatsunsa. Su ma suna ta rawarsu, ba su ji kunyarsa ba. Ya miƙa wa kafinta almakashi.

"Yanke."

"In na yanke, wa zai ɗaura?"

Kafinta ya ajiye almakashin a kan taga.

Haka ya tafi taron hannu rabbana. Ya zauna bayan teburinsa da babu komai a kai, yana zana ƙwallon a iska da hannuwa masu karkarwa ga duk wanda ya tsaya. Masu tsayawar ba su da yawa. A hanyar dawowa, da suka kusa gida shi da kafinta, ya ce, "Na gaji, mai ƙusa." Ba tafiyar yake nufi ba.

Bai ga taro na gaba ba. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Matarsa ta yi watanni tana shara tana kewaye ƙwallon, ba ta yarda ko gefen zaninta ya taɓa shi ba. Da ɗanta ya zo ɗaukarta ta koma wurinsa, sai ga mai gidan da magina, wai zai faɗaɗa ɗakin ya mai da shi shago. Bangon da ya fi ƙarfin guduma ya faɗi kafin azahar.

Kafinta ya naɗe ƙwallon da tsofaffin barguna, ya ajiye a shagonsa har lokacin taro ya zagayo. Tun da saura kwanaki ya je zauren jami'a da abin awonsa a aljihu. Mai gadi ya same shi durƙushe a bakin ƙofa yana awo, yana share ido da bayan hannu.

"Baba, lafiya? Gyara za a yi?"

"A'a, ɗana. Kayan wani zan shigo da su, ba na so ƙofa ta sake ba shi kunya."