Goro a Kan Buhun Yashi

Mun tashi da asuba daga Kano, mu uku, jakata cike da takardu. Shari'a nake koyarwa, kuma wata shida ke nan ina rubutu kan dokar ƙasa da ƙasa game da kogunan da ƙasashe suka yi tarayya a kansu. Kogin Haɗeja na cikinsu, don ruwansa sai ya bi iyakar Nijar kafin ya kai Tafkin Chadi. Abin kunya, ban taɓa tsoma ƙafata a cikinsa ba.

Hanya ba laifi, ban da 'yan ramuka bayan Ringim. A Haɗeja muka karya da soyayyen kifi. Irin wanda a Kano sai ka yi gumi wajen ciniki, a nan har gyara mai soyawa ta ƙara mana. Daga nan muka hau babur zuwa wani ƙauye a gefen Auyo, sannan kwalekwale, ina ta salati abokan tafiyata suna dariya.

A bakin wata magudanar ruwa muka tarar da dattawa biyu. Ɗaya ya datse ruwan da buhunan yashi don gonarsa. Ɗayan daga ƙauyen ƙasa ya tako, shinkafarsa ta fara ciki, ƙasa kuma ta tsattsage. Mai kwalekwalenmu ya raɗa mini cewa in aka ƙara kwana biyu, noman bana ya tafi. Amma mutumin bai ambaci ruwa ba. Ya ɗora goro a kan buhu, ya zauna yana ta gaisuwa.

Ni kuwa malanta ta motsa. Na shiga bayanin cewa ko tsakanin ƙasashe, na sama ba shi da ikon cutar da na ƙasa.

"Malam, ka gama?" in ji mai datsin. "A nan ba a roƙon ruwa da baki. Goron ne ke magana. Yanzu ka mayar da ita ƙara."

Na ba da haƙuri, ina kallon goron nan ina zufa. Can mai datsin ya miƙa hannu ya ɗauka, ya ɓare, ya ba ni rabi.

"Naɗe wandonka. Kai za ka ɗaga buhun farko."

Na ɗaga da ƙyar, ruwa ya kwarara. Dattijon ƙauyen ƙasan ya miƙe ya ce, "Na gode, Yaya. Gobe da hantsi zan sake shi, na ƙasa da mu ma suna jira."

Mun dawo Kano da la'asar, takarduna duk taɓo. Na koyi cewa ƙa'idar da nake nema a littattafai tana raye a fadamar nan, kuma raina ya yi fari. Rabin goron yana kan teburina, na kasa ci.