Akwatin Kifi a Gefen Gado

Tsinke ake ce masa, don tun yana yaro nama ya ƙi zama a jikinsa. Sana'arsa yankan gilashi: tagogi, madubai, akwatunan kifi. Yatsunsa duk tabo ne, bakinsa kuwa ba ya hutawa, ko gam yake shafawa sai ya tsokani wani.

Akwatin kifi mafi girma da ya taɓa haɗawa yana ɗakin mijin yayarsa, a kan kanta daf da gado. Tun da ɓarin jikin bawan Allahn nan ya shanye, kifayen ne abokan hirarsa.

Wata safiya Tsinke ya leƙa gaisuwa, ya tarar da Yaya da wuƙar kicin a hannu, sai fara'a take.

"Ka ga aikina? Na ɓamɓare baƙar robar nan ta bakin akwatin, har da wadda ta gitta tsakiya. Tare masa haske take yi."

Tsinke ya matsa kusa da akwatin. Robar da Yaya ta raina ita ce ke riƙe da gilashin kada nauyin ruwa ya buɗe shi. Ya kara ido ta gefe. Gilashin gaba ya yi ciki, ya turo waje, saitin kan majinyacin.

"Yaya, kawo tiyo da bokitai. Kada ki taɓa kantar nan."

"Mu ɗauke shi daga gadon mana!"

"Gadon jingine yake da kantar. Motsi kaɗan ya isa."

Ya zaro katakon aljihun tebur, ya ranƙwafa ta saman mijin yayar, ya danne gilashin da shi da hannu bibbiyu. Yaya ta zuƙi tiyo har ta ƙware, ruwa ya fara sauka, amma a hankali kamar da gayya. Can kusurwa ta ce ƙas, gam ya fara saki. Ɗigo ya sauka kan matashi. Tsinke mai surutu yau ko numfashi da dabara yake yi, tsoro ya cika shi. A ƙarƙashinsa majinyacin na ta gurnani, yana jan rigarsa da hannunsa mai lafiya.

"Yi haƙuri Maigida, kifayenka ba abin da zai same su."

Sai da ruwa ya koma ƙasa da rabi gilashin ya miƙe. Tsinke ya zagaye akwatin da igiyar ɗaure kaya, ya ce gobe zai liƙa sandunan gilashi a baki da tsakiya, kuma ba mai ƙara ruwa sai gam ya bushe sarai.

Har yanzu ba a saki rigarsa ba. Ya sunkuya ya kai kunne bakin mijin yayar, da ƙyar maganar ta fito.

"Ba kifi ba... kai nake cewa ka matsa. Kana da yara."