Kujerun da Ya Ajiye Mana

Har yau in na tuna Lahadin nan sai raina ya ɓaci, kuma ba da kowa nake fushi ba sai da mutanena.

A East Greensboro, nan Amurka, akwai wata tsohuwa 'yar Koriya mai shagon kayan gashi. Mu masu kitso a wurinta muke sayayya, Mama muke ce mata. Ta share mana wani lungu a bayan kanta don salla, har buta ta saya ta ajiye. Ɗanta ɗan wasan kwaikwayo ne, a ƙasar nan aka haife shi, Turanci a bakinsa kamar ruwa. Amma tun yana saurayi har furfura ta fara leƙo masa, in aka kira shi wasa matsayin mai shago ake ba shi, a ce ya karya harshe ya yi ta sunkuyar da kai. Wato uwarsa ake sa shi ya kwaikwaya don a yi dariya. Ya faɗa mini bai taɓa yarda ta je ta gan shi a dandamali ba.

Da ya gaji sai ya zauna ya rubuta nasa. Labarin shagon ne, shi kaɗai zai tsaya, ya zama uwarsa, ya juya ya zama mu masu zuwa sayayya. Wani ƙaramin gidan wasa a unguwar Glenwood ya ba shi yammacin Lahadi ɗaya tal. In wuri ya cika za su sa wasan cikin jerin wasanninsu na shekara, in bai cika ba ya koma karya harshe.

Shi da kansa ya tsaya a shagon yana gayyatar matanmu. Zo ka ji daɗin baki! Wata Hajiya ta dafa ƙirji ta ce, "Mu da Mama? Ai ko ana ruwan wuta sai mun zo." Wata ta ce za ta canza ranar aikinta. Har maganar anko aka tayar, aka yi ta musu a kan shuɗi ko ruwan goro.

Mu dai mun san kanmu, ba ma iya kallon idon mutum mu ce ba za mu zo ba. Kunya ce wai. Sai mu amsa da fara'a, ranar kuma a neme mu a rasa, mai gayya ma ya san zancen, ba ya dafa abinci da yawan waɗanda suka amsa. Shi bawan Allah ina zai san wannan? Na ɗan ja kunnensa, ya yi dariya ya ce, "Anti, ai sun yi alkawari." Ya je ya sa aka keɓe mana rabin zauren, daga gaba. 'Yan jami'a da suka nemi shiga aka ce musu wuri ya cika.

Ranar na je da wuri na tarar da Mama a layin farko, ta sha doguwar rigar ƙasarsu mai ɗaurin ƙirji. Ta yi mana naɗin shinkafa irin na ƙasarsu har kula biyu, naman ma a wurin mahaucinmu ta sayo don kowa ya ci da kwanciyar rai. Muka zauna mu biyu. Na fita waje na yi ta buga waya. Wannan ta ce, "Wallahi Anti ina da randebu da likita." Waccan ta ce maigida bai dawo da mota ba, alhali ina jiyo kiɗa a bayanta. Ashe suna ake yi a wani gida a Wendover, kuma rabinsu ko mai jegon ba su sani ba. Hajiyar ruwan wuta kuwa cewa ta yi gidan wasa ba wurin matar aure ba ne. To da kika dafa ƙirji ba ki da aure? Da sun faɗa masa tun farko, da tuni an cika kujerun da waɗanda ke son gani. An ci moriyar ganga an ya da kwaurenta, wai kuma sunan wannan kunya.

Ya yi wasan. Da ya ɗaura ɗankwali ya tsaya yana ciniki irin namu, har da jan tsaki da juya baya kamar zai tafi, na yi dariya har hawaye, amma dariyar ni kaɗai ce a gaba. Wannan ɓangaren don mu ya rubuta shi, 'yan kallon da ke baya ba su san abin da suke gani ba. Na ga idonsa ya sauka kan kujerun, ya ɗauke, ya ci gaba. Shugabar gidan wasan ta yi masa tafi, ta gaya masa a bakin ƙofa cewa wasan ya yi kyau, amma mutane ba su zo ba.

Ina taya Mama ɗaukar kulolin sai ta riƙe hannuna. Da Turancinta na shago ta ce, "Wa ya rasu a cikinku? Ki kai ni in yi gaisuwa."

Na ce, "Mama, babu wanda ya rasu."

Ta daɗe tana kallona, sannan ta saki hannuna ta ce, "To madalla. Na tsorata."

Wallahi da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.