Ƙugiyar da Na Zaɓa Ido Rufe

Cikin duk shekarun da na yi ina tuƙi a Makka, ranar da ta ƙi fita raina ita ce wata Asabar da na tsaya a bakin teku riƙe da butar shayi. Ku sababbin direbobi kuna ɗauka aikinmu sitiyari ne da birki. Ku saurara ku ji yadda ƙugiyar kamun kifi ta kusa mayar da ni gida Yawuri.

Ni direban gida ne. Ga wanda bai san tsarin ba, direban gida yana ƙarƙashin kafili ne, wato maigidan da ya ɗauko shi, kuma shi ke sabunta masa iƙama, takardar izinin zama, duk shekara. Ranar da ya ga ba ya bukatarka, sai ya buga maka fita ta ƙarshe, ka ɗaure kayanka. Kafilina a takarda Ustaz Faisal ne, ma'aikacin gwamnati, mutum mai tsare gida. Amma wanda nake wa aiki a zahiri mahaifinsa ne, Baba Salihu, dattijon da aka haifa a Makka, jikan Hausawan da suka zo Hajji da ƙafa suka zauna. Hausarsa tsohuwa ce mai daɗi. 'Ya'yansa kuwa Larabci ya cinye su, sai sannu da na gode.

Tun da aka ba mata izinin tuƙi, matan gidan suka karɓi makullan motocinsu, aikina ya koma Baba kaɗai: masallaci, asibitin masu ciwon suga, sai kuma teku. Makka ba ta da teku, amma duk Asabar bayan sallar asuba mukan bar unguwarmu Utaibiyya mu nufi gaɓar Shu'aiba, Baba ya yi fatsa har rana ta yi zafi. Tun yana saurayi yake wannan. Ni kuma ɗan masunta ne, a cikin jirgin ruwa na yi wayo, shi ya sa jininmu ya haɗu.

Abin da ni kaɗai na sani shi ne Baba ya daina gani. Suga ya ci idon a hankali, har ya zama haske da inuwa kawai yake bambancewa. Ya sa baƙin tabarau, ya ce rana ke damunsa. Gidansa ya san shi lungu-lungu, masallaci kuwa ina gaba da rabin taku, kafaɗarsa tana gogar tawa, wanda ya gan mu sai ya ce hira ce ta yi daɗi. Ya roƙe ni kada in faɗa wa kowa, domin ya san 'ya'yansa: ranar da suka sani, sun raba shi da teku ke nan, su zaunar da shi gaban talabijin da ba ya gani. Ni ma na san ranar da aka raba shi da teku, babu dalilin riƙe direba.

Asiri ya fara tsagewa ne 'yan watanni bayan Hajji. Baba yana amfani da ɗu'um na roba, wato abincin ƙarya mai siffar ƙaramin kifi, irin mai ƙugiyoyi uku-uku a ciki da wutsiya. Ya kai hannu zai kama shi, ƙugiya ta shige babban yatsansa. Na cire, na ɗaure, amma da muka koma gida Ustaz Faisal ya ga bandeji. Bai yi faɗa ba, kuma wannan ya fi tayar min da hankali. Ya dube ni ya ce Asabar mai zuwa da shi za a je, yana so ya ga yadda mahaifinsa ke kamun kifin nan da idonsa. Ya ƙara da cewa iƙamata ta kusa ƙarewa, za mu yi maganarta bayan mun dawo.

Washegari a mota Baba ya ce da ni, "Sama'ila, ka nemo min abin da hannu zai gani. Kuma wanda ba zai cije ni a gaban yaron nan ba."

Na tafi wani shagon kayan fatsa da na zango da muke saye a wurinsa. Mai shagon ya san gidan sarai, don haka ban isa in gaya masa dalili ba. Na yi ta juya kaya har na ga wasu ɗu'um a rataye can ƙarshen bango, ƙura ta rufe ledarsu. Kai ne na dalma, da gezar roba da ta lulluɓe ƙugiya guda ɗaya tak mai kallon sama, sannan a gaban kan an maƙala wani ɗan fallen ƙarfe kamar farcen babban yatsa. Ni harshe nake ce masa. Mai shago ya ce kada in ɓata lokacina, waɗannan na wani kifin tafki ne da ake kira bas a Amurka, an haɗo masa su cikin kaya bisa kuskure, ba wanda ke saye. Na tambaye shi amfanin harshen. Ya ce idan ana jan zare, ruwa na bugunsa yana karkarwa hagu da dama, kifi ya ji motsin ya biyo. Da na ji kalmar karkarwa sai gabana ya faɗi, irin faɗuwar daɗi.

A bayan shagon akwai doguwar kwatarniyar ruwa da suke gwada kaya. Na ce ya ɗaura min su ɗaya bayan ɗaya a kan zaren saƙa, wanda ba ya miƙewa, domin shi ke kawo motsi hannu ba tare da ya haɗiye shi ba. Sai na rufe idona ina ja. Mai shago ya yi dariya ya tambaya ko barci nake ji, na ce haka muke yi a garinmu. Mai nauyin cikinsu yana nitsewa da sauri, kuma gaɓar da muke zuwa ba zurfi, duwatsun murjani ne a ƙasa, zai maƙale tun jifan farko. Mafi sauƙin kuma iska za ta ɗauke shi, ga shi sai an ja da ƙarfi kafin ya fara motsi. Akwai wani matsakaici mai faɗin harshe da ya fara karkarwa tun juyin farko na makina, abin naɗe zaren, ina jin sa har gwiwar hannuna. Na maimaita, na sake maimaitawa, ban buɗe ido ba sai da na ce wannan nake so. Na duba ƙugiyar na ga mai kauri ce, na sa aka danne ƙayarta da filaya yadda ko ta soki mutum za ta fita salin alin, aka saka masa wutsiyar roba mai laushi. Na fito ina jin kaina gwani.

A gida na damƙa wa Baba shi, ya shafa shi tun daga kai har wutsiya. Na gaya masa nauyinsa, na nuna wa yatsunsa inda ƙugiya take da inda zai ɗaura zare. Na ce muddin yana jin karkarwa, lafiya lau. Idan ta yi rauni, ciyawa ce ta hau harshen. Idan ta ɗauke ɗif, ko dutse ne ko kifi. Ya yi ta ɗaurawa yana kwancewa har hannunsa ya haddace.

Ranar Asabar muka kama hanya mu uku. Ustaz Faisal na gaba kusa da ni. Da muka isa, teku ta kwanta luf, ruwan garau har kana ganin yashin ƙasa. Na tsaya inda na saba tsayawa, a hagun Baba, ina 'yar hira, domin da muryata yake gane inda ruwa yake. Ya ɗaura ɗu'um da kansa, ya yi bismilla ya jefa. Jifan ya tafi sak. Ya jawo, ya sake jefawa. Can ya ce ciyawa ta hau, ya jawo, sai ga zaren ciyawa a kan harshen, ya cire shi da yatsu biyu kamar mai gani. Na fara samun numfashi.

Sai Ustaz Faisal ya ce in je mota in ɗauko shayi. Motar da ɗan nisa. Ba ni da ikon cewa a'a, na tafi ina waiwaye, na dawo kusan da gudu. Na tarar ya matsa kusa da mahaifinsa, yana kallon ɗu'um ɗin da ke lilo a bakin sanda yana ɗigar ruwa. Ashe shi ma a wannan gaɓar ya tashi, Baba ne ya koya masa fatsa tun yana ƙarami. Ya yi tambayar da Larabci, a hankali:

"Abuya, wane launi ne harshen nan?"

Nan take na gane ramin da na bari. Na faɗa wa Baba komai game da abin nan ban da launinsa, domin ni kaina ido rufe na zaɓe shi. Harshen ruwan zinariya ne. Baba kuwa yana da ƙa'ida da kowa a gidan ya haddace: azurfa a ruwa mai haske, zinariya sai ruwa ya gurɓace ko hadari ya rufe rana. Bai taɓa karya ta ba. Na buɗe baki zan yi tari ko in ce wani abu, Ustaz ya ɗaga min hannu ba tare da ya dube ni ba.

Baba ya ce, "Azurfa mana. Ka taɓa ganin na jefa wani abu daban a ruwa irin wannan?"

Ba wanda ya sake magana. Ina jin ƙarar ruwa a jikin duwatsu. A raina na ce shi ke nan, na kashe dattijon nan da hannuna, na kuma kashe kaina. Baba ya ji shirun, kuma shi ba yaro ba ne. Ya juyo wajen da nake ya tambaye ni da Hausa ko ba azurfa ba ne. Na ce, "Zinariya ce, Baba." Ya gyaɗa kai, ya cire tabarau ya sa a aljihu. Ya gaya wa ɗansa cewa tun kafin azumin da ya wuce bai ga fuskarsa ba.

Na zaci Ustaz zai juyo kaina, ko ya ce a tattara kaya. Abin da ya fito bakinsa daban ne. Ya ce, "Ranar sunan ɗana ka ɗauke shi ka ce ya yi kama da Ummi." Ummi ita ce mahaifiyarsu, ta rasu kafin in zo gidan.

Baba ya ce, "Kunnensa na shafa, ya waladi. Kunnenta ne. Ban yi maka ƙarya ba."

Daga nan ya miƙa sandar wajen da muryar ɗansa take, ya ce ya karɓa ya jefa, sannan ya rufe ido ya jawo a hankali. Babban mutum mai gemu, ya tsaya a kan dutse ido rufe, hawaye na bin kumatunsa, yana juya makina. Baba ya ɗora hannunsa a kan nasa yana tambayarsa ko yana ji. Ya ce yana ji. Baba ya ce to shi abin da ya rage masa ke nan, in za a karɓe, a karɓe da sani.

Ba mu kama ko kifi ɗaya ba ranar. A hanyar dawowa Ustaz ya koma baya kusa da mahaifinsa har muka shiga Utaibiyya. Kwanakin da suka biyo baya na ga tashin hankali. Aka yi taron 'ya'ya, aka kai Baba wurin likitan ido ba tare da ni ba, ba wanda ya aike ni ko sayen burodi. Na fara tunanin wa zan bar wa fankata da tukunyata. Kuma gaskiya abin da ya fi cin raina ba komawa gida ba ne, tunanin Baba ne zaune a ɗaki ranar Asabar.

Ranar Alhamis da la'asar Ustaz Faisal ya kira ni ƙofar gida. Ya ce ya kamata in gaya masa tun farko, kuma kada in sake ɓoye masa abin da ya shafi lafiyar mahaifinsa. Na ce na ji. Ya ce daga yau Baba ba zai hau dutse ba sai da rigar hana nitsewa, kuma shi ma zai riƙa zuwa. Sannan ya zaro ɗu'um ɗin daga aljihunsa, a naɗe cikin hankici, ya sa min a hannu.

"Ka koma shagon," in ji shi. "Irin wannan sak, nauyinsa da faɗinsa. Amma na azurfa. Babana ba ya jefa zinariya a ruwa mai haske."

Iƙamata ta fito a makon. Mun ci gaba da zuwa Shu'aiba mu uku har ƙafafun Baba suka gaza, kuma da harshen azurfan nan ya kama kifin hamur ɗin da hotonsa ke falonsu.

Abin da na koya shi ne, kayan aiki ana zaɓarsa ne don hannun da zai riƙe shi, wannan na yi daidai. Amma mutumin da kake ɗauka a bayan mota ba naka ba ne kai kaɗai. Yana da 'ya'yan da suka san shi tun kafin ka sauka daga jirgi, suna riƙe da ƙananan abubuwa game da shi da kai ba ka lissafa ba. Na ɗauki Ustaz Faisal a matsayin wanda zan kare Baba daga gare shi, ashe shi ne ya fi ni sanin launin da mahaifinsa yake so. Na zinariyar yana wurina har yau, ya yi tsatsa. Wani lokaci nakan rufe ido in shafa harshensa.