Yatsu Uku na Babana

Babana, Allah ya jiƙansa, mahauci ne a Zangon Sokode. Bai taɓa yarda an ɗauke shi hoto ba. Abin da ya rage mana na kamanninsa shi ne zanen fenti a bangon shagon namansa, yana riƙe da wuƙa, hannun hagunsa da yatsu uku. Gatari ya cinye biyun tun yana saurayi.

Da za a faɗaɗa hanya, aka ce za a rushe bangon. Ina Dapaong, ciwon ƙafa ya hana ni tafiya, sai na aiki wani mai zane ya kwafo mini shi da fensir.

Ya kawo takardar. Fuska ta yi, hula ta yi, amma hannun hagu yatsu biyar.

Na ce, "Malam, ina ka samo sauran biyun?"

Ya ce, "Baba, mai fentin can bai iya zana hannu ba, shi ne na gyara."

Na ce ya koma. Ya ce ai tun ranar Talata aka rushe bangon.

Takardar tana cikin akwatina. Jikokina suna so in rataye ta, na ƙi. Ba wannan hannun ne ya ciyar da ni ba.