Layi Shida Daga Bakin Kurmi

Malama Verlie, an bar mana kurmin. Takardar hukuma ta iso ranar Laraba, kwana huɗu bayan mun binne ki. Ni na karanta ta da kaina a tsaye a bakin ƙofa, na kai ƙarshe na sake komawa farko. Ba za a sare ko reshe ɗaya ba.

Ku gafarce ni, jama'a, da na fara da murna a takardar ta'aziyya, ko gaisuwa ban yi ba. Abin ne ya cika mini ciki. Allah ya yi wa Malama Verlie Ozenne rasuwa ranar Alhamis, tara ga watan Oktoba, a gidanta da ke bakin kogi, tana da shekara saba'in da huɗu, bayan jinyar wata uku. Ni ne Alcide Honoré, wanda ya yi shekara arba'in da ɗaya yana tuƙa tarakta a gonakin raken gandun Belle Clairière. Ni ɗalibinta ne, kuma ina jin ni ne mafi tsufa a cikin ɗalibanta.

Malama, duk wanda ya hau farar bas ɗin nan ta masu yawon buɗe ido da ke tashi daga New Orleans ƙarfe takwas na safe ya san ki. Shekara goma sha tara kina zaune a kujerar gaba da makirufo a hannu, tun da kika bar koyarwa a makaranta. Da masu bas ɗin suka ba ki doguwar rigar nan mai faɗi irin ta matan masu gandu, kika ce kakarki ita ke wanke irinta, ba ita ke sawa ba, kika mayar musu. Sauran masu zagayawa da baƙi daga babban gida suke farawa, su nuna fitilu da madubai. Ke kuwa ta baya kike shiga, ta ɗakunan katako inda bayi suka kwana, sai mutum ya ga waɗannan sannan ki hau da shi bene. Jakarki ba ta rabuwa da alewar gyaɗa saboda masu ciwon suga idan sugansu ya sauka, da lema biyu saboda waɗanda ba su san ranar garinmu ba. Na taɓa ganin wata baƙuwa ta zauna a kan matakala tana kuka, ta ce kakanninta ma sun mallaki mutane. Ba ki ce mata “ba kome” ba, ba ki kuma tsawata mata ba. Kika zauna kusa da ita har ta gama, kika ce ta tashi, akwai sauran abin da ya kamata ta gani.

Ni a zauren coci na san ki, inda kike koyar da manya karatu da yamma ranar Talata da Alhamis. Ina da shekara hamsin da tara. Na je ne kai kujeru, kika miƙo mini takarda in sa suna, na shafa aljihu na ce na manta tabarau.

“Alcide,” kika ce, “tabaran nan tun ina yarinya kake mantawa da shi. Zauna.”

“Malama, kan nan ya bushe.”

“Kan da ya san kowane rami a gona eka dubu? Zauna, kana tare mini haske.”

Shekara uku na yi a kan bencin nan. Duk kalmar da ke cikin wannan takarda daga hannunki ta fito.

Ga waɗanda ba 'yan nan ba ne, kurmin da nake magana wasu itatuwa ne a tsakiyar rake, bayan gandu, nesa da hanya. Kowa a nan ya san abin da itatuwa a tsakiyar gona suke nufi, don ba manomin da zai bar ƙasa mai kyau haka kawai. Ranar da mahaifina ya fara ɗora ni a tarakta abu biyu ya gaya mini: idan na zo wurin in ɗaga garma, in cire hula. Mutanenmu ne a kwance. Ke ma, Malama, kullum sai kin sa direba ya tsaya a saitinsa kafin a koma birni, ko da ba ya cikin tsarin tafiyar, ki karanta sunaye arba'in da ɗaya da kika samo a tsohon littafin coci, waɗanda aka rubuta cewa an binne su bayan gandu.

Bara wani kamfani ya sayi gonar zai gina rumbunan hatsi da wurin lodin jirgin ruwa. Kika kai ƙara cewa maƙabarta ce. Suka kawo masu na'urar duba ƙarƙashin ƙasa, suka tura ta tsakanin itatuwan kwana biyu, ba su ga kabari ko ɗaya ba. Aka ce to, da an gama yankan rake za a sare. Mutane suka fara cewa wataƙila tatsuniya ce tsofaffi suka bar mana.

Ni kaɗai na san dalilin da ya sa ba su ga kome ba, na kuma yi shiru.

A shekarar 1983 aka kawo mana sabon manaja, ba ɗan nan ba ne. Ya dubi kurmin ya ce ƙasa ce ake ɓarnatarwa, ya ce in ja itatuwan gefen gabas da sarƙa in mayar da wurin gona. 'Ya'yana huɗu a lokacin, gidan da muke ciki na gandu ne. Na ja. Na yi layi shida na rake a wurin. A layi na uku garma ta tono fasassun faranti da katantanwa da wani kofi mai shuɗin baki, irin abin da mutanen wancan zamani suke ɗorawa a kan kabari, abin da mamaci ya yi amfani da shi na ƙarshe. Ta tono wani abin kuma da ba zan rubuta ba, na mayar da shi da hannuna na rufe. Itatuwan da suka rage, na gefen lambatu ne, waɗanda suka tsiro daga baya. Masu na'ura sun duba inda babu kowa. Mutanenmu suna ƙarƙashin raken da na shuka. Kofin na sa shi a gwangwani na ɓoye a rumfar kayan aiki. Ko matata Philomène ta rasu ba ta sani ba.

A watan Mayu kika aiko cewa akwai kujera biyu a bas ranar Asabar, in zo da jikata Noémie, wadda ke aikin jinya a Houston, ta zo hutu. Noémie ba ta taɓa taka gandun ba.

“Kaka, ni zan hau mota a zagaya da ni inda aka yi wa kakannina bulala? Har da ɗaukar hoto?”

“Malama ce ta kira.”

“Kai dai tsoron Malamar nan kake, tsofai-tsofai da kai.”

“Je ki ce mata ba za ki zo ba, in ga taki jarumtar.”

Ta zo. Muka bi ganuwar da ke tare ruwan kogi, muka ga manyan gidajen gandu biyu, muka ci jan wake da shinkafa a rumfar da kike kai baƙi. Wajen la'asar bas ta tsaya a saitin kurmi, kowa ya sauka. Kika karanta sunayen, muryarki ta riga ta fara raguwa, ban gane ciwo ba ne. Kika ce wataƙila wannan ce shekarar ƙarshe da za a ga itatuwan. Wani dattijo daga cikin baƙi ya tambaya a ina ainihin kaburburan suke.

“Ni ban sani ba,” kika ce. “Ni takarda na sani. Ƙasa kuwa akwai wanda ya fi ni saninta.”

Kika miƙo mini makirufo ba tare da kin dube ni ba.

Daga baya na tuna. Shekarar farko a aji kin ce kowa ya rubuta abin da ba ya mantawa. Na rubuta “kofi mai shuɗin baki”, na kasa ƙara kome, na ba ki haka. Ba ki tambaye ni ba. Shekara goma sha biyar kina riƙe da wannan, kina gaishe ni a coci, kina aiko mini da miya lokacin da Philomène ta kwanta, ba ki taɓa ɗaga maganar ba sai ranar da babu sauran hanya.

Ban karɓi makirufon ba. Na tsallaka lambatu na shiga raken, lokacin bai wuce gwiwa ba, na ƙirga layi shida daga bakin kurmi, na tsaya na cire hula. Na faɗa da ƙarfi yadda kowa zai ji, mutum talatin da ban sani ba da jikata guda. Abin da na fi tsoro shi ne fuskar Noémie. Sai na ji motsi a bayana, ta shigo da fararen takalmanta cikin laka, ta tsaya a gefena.

“Nuna mini daga ina zuwa ina, Kaka,” ta ce. Muka taka wurin tare, kusurwa huɗu.

Da na roƙe ki ki rubuta mini shaidar da za a kai wa hukuma, kika ƙi.

“Na koya maka karatu don in riƙa yi maka rubutu? Ga biro.”

Mako biyu na yi a kan shafi uku. Na kai miki asibiti tare da gwangwanin. Kika karanta a hankali, kika juya kofin a hannunki, kika ce, “Wani ya sha ruwa da wannan.” Kika ce in kai haka, kada in taɓa ko layi ɗaya.

A watan Agusta masu na'ura suka dawo, aka sare musu layukan nan shida da adda. Sun ga kabari hamsin da uku, fiye da sunayen da ke hannunki. Na zo na gaya miki, kika ce to saura takarda, don kin san halin mutanen ofis. Ita ce ba ki jira ba. Takardar ta ce kurmin da layi shida da hanyar shiga daga titi duk maƙabarta ce, ba mai gini a kai har abada.

Akwai kuma wani labarin da zai sa ki dariya. Noémie ta nemi canjin aiki zuwa asibitin nan kusa, kuma ranar Asabar ita ke zama a kujerarki ta gaba. Yarinyar da ta ce ba za ta taka gandu ba. Ƙanwarki ta ba ta jakar da lema biyun. Na bi ta makon jiya na zauna can baya. Ta baya ta shiga da su, ta ɗakunan katako. Da muka sauka a saitin kurmi ta zo sunayen, ta karanta arba'in da ɗaya, sannan ta ce akwai goma sha biyu da ba mu san sunansu ba, ta yi shiru na ɗan lokaci saboda su. Wannan ba ke kika koya mata ba, nata ne. Ban san lokacin da na fara tafi ni kaɗai a cikin gona ba, har ta ce, “Kaka, maƙabarta ce fa.”

Allah ya jiƙan ki, Malama. Ya yafe miki kurakuranki, ya ba ki hutawa cikin haskensa, ya saka miki da haƙurin da kika yi da mu masu taurin kai. Ina miƙa ta'aziyyata ga ƙanwarki Clothilde, wadda ta yi jinyarki ba ta gajiya ba, da ɗanki Renard da iyalinsa, da direbanki Ulysse da har yanzu yake rage gudu a saitin kurmi ko ba a ce masa ba, da dukan waɗanda suka zauna a bencin zauren coci. Ubangiji ya ba mu haƙurin rashinki.

Ranar Asabar, ɗaya ga Nuwamba, ita ce Ranar Dukan Tsarkaka, ranar da kowa ke wanke kaburburan nasa ya shafa musu farar ƙasa. Waɗannan da ke ƙarƙashin layukan nan sun yi shekara arba'in da biyu ba wanda ya shafa musu. Mun yanka gicciyen katako hamsin da uku. Za mu fara zuwa wurinki da safe mu ajiye furanni, daga nan mu wuce gona. Fada, limamin cocinmu, zai zo, Clothilde za ta dafa gumbo, miyar kuɓewar nan tamu, Ulysse zai kawo bas ga masu ciwon ƙafa. Ku zo, na kusa da na nesa, wanda ya san nasa suna ciki da wanda bai sani ba. Ku sa takalmin da ba ku jin tausayinsa, don akwai laka. Za ku same ni a layi na uku da kofin, zan mayar wa mai shi. Ku zo ku gani.